Abubuwan da Ke Cika Yinin Kakanni

A ikkilisiyoyi da yawa, idan aka ce za a kai wa tsoho ziyara, abin da ake nufi shi ne a gaishe shi da jiki, a yi addu'a, a tashi. Minti goma ya isa. Ana yin haka ne domin an ɗauka cewa wanda ya ajiye aiki, ya aurar da 'ya'yansa, ba shi da sauran wani abu a gabansa sai ciwon gwiwa da jiran ranarsa. Amma duk wanda ya taɓa yini a gidan da akwai kaka ya san ba haka abin yake ba. Yinin kaka a cike yake, kuma yana da tsari. Akwai lokacin rediyo, akwai lokacin karatu, akwai lokacin duba awaki, akwai lokacin da jikoki suke dawowa daga makaranta da yunwa. A wannan darasi za mu duba waɗannan abubuwa, mu ga inda suka samo asali, da amfanin da suke yi wa tsoho, da abin da ya kamata mai hidima ya gane idan ya tarar ɗaya daga cikinsu ya tsaya.

Kalmar kaka a nan ta haɗa namiji da mace. Waɗanda muke magana a kansu su ne iyayenmu na arewacin Nijeriya da suka wuce shekara 65, ko Hausa ce harshen da suka tashi da shi, ko kuwa a kasuwa da majami'a suka koye ta.

Karatu

Yawancin tsofaffinmu da suka iya karatu ba a sauƙaƙe suka same shi ba. Waɗansu a ajin mishan suka koya, domin a wurare da yawa ba a yi wa mutum baftisma sai ya iya karanta bishara da kansa. Waɗansu kuma a ajin Yaƙi da Jahilci, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta baza ko'ina a shekarun 1950, ko kuwa wurin wanda ya yi wannan aji ya dawo yana koya wa ƙannensa da dare. Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu su ne matakalarsu. Mata da yawa sai bayan sun haihu biyu ko uku suka koya, a taron zumuntar mata, da goyo a baya.

Wanda ya sami karatu ta wannan hanya, karatunsa dabam yake da na ɗan jami'a. A hankali yake yi, yana bin layi da yatsa, leɓunansa suna motsi. Littattafansa kaɗan ne, amma ya maimaita su har ya san inda kowane abu yake a shafi. Za ka tarar da Littafi Mai Tsarki, da Littafin Waƙoƙi, wataƙila da tsohon Magana Jari Ce wanda bangonsa ya cire. Idan ya ba ka izini ka buɗa Littafi Mai Tsarkinsa, ka duba bangon ciki. Sau da yawa a nan ne aka rubuta ranar haihuwar kowane ɗa, da ranar rasuwar waɗanda suka rasu suna ƙanana. A tsakanin shafuffuka akwai katin baftisma, da rasit na fili, da hoton aure. Wannan littafi shi ne ma'ajin tarihin gidan. Shi ya sa idan jika ya kawo masa sabo mai kyan bango ya ce a jefar da tsohon, sai ya ga ran kaka ya ɓaci, ya rasa dalili.

Akwai kuma batun fassara. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi ɗawainiya mai yawa a kansa. Rubutun wannan fassara na dā ne, ana rubuta "ch" a inda muke rubuta "c" yanzu, kuma kalmominta da yawa matasa ba su san su ba. Sabuwar fassara ta fito wajen 1980. Amma wanda ya haddace ayoyinsa daga tsohuwar, idan ya ji sabuwar sai ya ji kamar an sāke masa ɗaki ba a gaya masa ba. Ba taurin kai ba ne. Idan ka je ziyara, ka tambaye shi wadda yake so, ka karanta daga nasa littafin ko da harshenka zai yi tuntuɓe.

Mu tuna kuma cewa a zamaninsu karatu abin taro ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta, mutum ɗaya ne yakan saye ta ya karanta da ƙarfi, mutane da yawa suna saurare suna tofa albarkacin bakinsu. Saboda haka karanta wa tsoho abu ba raini ba ne a wurinsa, muddin za a tsaya a ji ra'ayinsa bayan an gama.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ranar da karatun ya tsaya. Da wuya tsoho ya ce maka ba ya gani. Sai dai ya ce ya gaji, ko ya manta tabarau a gida, ko ya miƙa wa na kusa da shi littafi idan aka ce ya karanta. Dattijon da shekara da shekaru shi ne mai karanta nassi ran Lahadi, idan ya fara ƙi, kafin a ce ya yi sanyi cikin bangaskiya a fara tambayar idonsa. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kāsa ganin ƙananan baƙaƙe na kusa, kuma tabarau mai araha yana gyara wannan. Yanar ido kuwa takan rufe gani a hankali kamar hazo, amma aikin likita na ɗan lokaci yakan dawo da shi. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ban da ƙungiyoyin da sukan zo yin aikin kyauta. A gargaɗi iyalin game da masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke, domin mutane da yawa sun makance ta wannan hanya. Na ukun shi ne wanda ake kira hawan jinin ido. Yawanci ba ya zafi, daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gwaji da wuri ne kaɗai yake ceton abin da ya rage. Ikkilisiyar da ta gayyaci ma'aikacin ido sau ɗaya a shekara ya duba tsofaffinta ta yi babbar hidima da kuɗi kaɗan.

(Har ila yau, majami'un da suka ajiye Littafin Waƙoƙi suka koma haska waƙa a bango su sani cewa tsofaffin da ke zaune a baya ba sa ganin komai. Ba za su yi ƙorafi ba. Shiru kawai za su yi.)

Rediyo da labaran duniya

Matasa sukan yi mamakin yadda kakansu, wanda ko Kaduna bai cika zuwa ba, ya san sunan shugaban Faransa, yana kuma da ra'ayi a kan yaƙin Sudan. Asirin yana cikin ƙaramar rediyon nan da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Hausa tana cikin harsunan Afirka da suka fi samun gata a gajeren zango. Sashen Hausa na BBC ya fara a ranar 13 ga Maris, 1957. Gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sai rediyon Faransa a 2007. Tsofaffin Kirista kuma suna tuna ELWA, wadda ta fara watsa shiri daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, da Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Mutumin da ya kai shekara 75 yau, tun yana yaro yake jin duniya da Hausa sau biyu ko uku a rana. Kada mai wa'azi ya ɗauka cewa zai faɗi abin da ya ga dama game da ƙasashen waje ba wanda zai gane kuskurensa. Dattijon da ke kujerar gaba ya ji labarin tun da asuba.

Za ka lura kuma ba tasha ɗaya yake saurara ba. Yakan ji wannan, ya murɗa ya ji waccan, sa'an nan ya yanke hukunci. Zamanin mulkin soja ne ya koya musu haka. A rediyo aka sanar da su juyin mulkin 1966, da na 1975, da na ranar ƙarshe ta 1983, da na 1985. Sun san ma'anar jin kiɗan soja da sassafe maimakon labarai. Sun kuma koyi cewa abin da tashar gwamnati ta faɗa da abin da tashar waje ta faɗa ba kullum suke daidai ba.

Kowane labari kuwa da mudun tunaninsa yake auna shi. Ya yi ciniki da fam da sule da sisi kafin naira ta shigo a ranar 1 ga Janairu, 1973, aka canja fam ɗaya a kan naira biyu. Ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya ga kuɗin Udoji da yadda farashi ya tashi a bayansa. Saboda haka lokacin da takardar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, da lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara, idan ya fara cewa "a zamaninmu", yana kwatanta abin da ya gani ne da abin da ake ciki. Wani lokaci kwatancin bai yi daidai ba, amma ya cancanci a saurare shi har ƙarshe.

Sai dai ba son sani kaɗai ke manna kunnensa da rediyo ba. 'Ya'yansa sun warwatsu. Ɗaya soja ne a Borno, ɗaya tana aure a Legas, jika yana makarantar kwana, wani kuma direba ne a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tun da aka sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, duk kakar da ke da jika a makarantar kwana ba ta jin labarai kamar dā. Idan aka ambaci sunan gari, ita fuskar wani take gani. Ƙafarta ba ta kai ta can, amma kunnenta yana tsaron iyalin. A 1 Sama'ila sura 4 mun ga Eli, yana da shekara 98, idanunsa sun dushe, yana zaune a bakin hanya yana jiran labarin yaƙi. Da manzon ya zo, sai ya zuba masa kome a numfashi ɗaya, tsohon ya faɗi ta baya daga kujera ya mutu. Iyayenmu sun san hikimar kai wa tsoho mummunan labari. Akan aika dattawa biyu ko uku, a zauna, a gaisa, a fara da cewa jikin wāne ya yi tsanani, a bar zuciya ta shirya. Yanzu kuwa kafin dattawa su sa takalmi, wani yaro ya riga ya ga hoton a Facebook ya kwala ihu a tsakar gida. Saboda haka idan fasto ya sami labarin rasuwa, ya fara tambaya ko akwai tsoho a gidan da bai ji ba, ya hanzarta zuwa wurinsa, ko ya kira wani babba da ke kusa ya zauna tare da shi.

Wayar hannu, wadda ta bazu a Nijeriya daga 2001, ta kawo wa tsofaffi daɗi da haɗari tare. Saƙon murya na WhatsApp ya sa kakar da ba ta iya rubutu ba tana jin muryar jikanta a duk inda yake. Amma wanda ya saba cewa abin da ya fito daga akwati ya bi ta hannun edita, yakan ba saƙon waya irin wannan amincewa. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya da dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa sun kwanta asibiti, waɗansu sun mutu, kuma masu hawan jini ne abin ya fi yi wa illa. Ga kuma 'yan damfara masu kira su ce daga banki suke, suna neman lambar sirri, alhali ɗan fanshon da tsoho ya sha wahalar tantancewa kafin ya samu yana cikin asusun. Ba sai an hana shi waya ba. A tuna masa da dabararsa ta dā, wato ya murɗa ya ji wata tasha kafin ya gaskata. Wannan harshe ne da yake ganewa nan da nan.

Hidimar gida

Da wuya ka sami tsohuwa a ƙauye da ba ta da akuya ko biyu a turke, da kaji a akurki, da 'yar gadina ta rama da kuɓewa da zogale a bayan ɗaki. 'Ya'yanta sukan ce, "Mama, ki huta mana, me za ki yi da waɗannan?" Abin da ba su lura ba shi ne akuyar nan ita ce bankinta. Da ita take zubin adashi, da ita take gudummawar biki, da ita take ba da baikonta ba tare da ta miƙa hannu ga kowa ba. Wadda ta yi shekara hamsin tana ciyar da mutane, yana yi mata nauyi ta zama mai karɓa kawai. Idan ta kama kaza ta ba ka ranar ziyara, ka karɓa da hannu biyu. Ƙin karɓa don tausayi yakan yi mata ciwo fiye da rashin kazar. Ban da haka, neman harawa da ba dabba ruwa suna tā da ita da safe, suna motsa gaɓoɓinta. A hannun irin waɗannan tsofaffi ne kuma ilimin da ba a rubuta ba yake: yadda ake dafa kalwa ta zama daddawa, wane irin acca ne yake nuna da wuri, wane zangarniya za a ware a rataye don iri.

Sai jikoki. A al'adar Hausa, da ta kabilu da yawa na ƙasarmu, akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika sai wasa. Kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira macen kishiyarta, su yi ta tsokanar juna. A wurin kaka ake kai yaro yaye, a ɗakinta ake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Wannan wasa yana buɗe ƙofar da iyaye ba su da ita. Yarinyar da ta shiga matsala, sau da yawa kakarta ce ta fari da za ta sani. Fasto mai neman gane abin da ke damun wani matashi, ya yi abota da kakarsa. A gidaje da yawa kuma kaka ce mutum ta ƙarshe da ke yi wa yara magana da harshen kabilarsu, ko Tangale ne, ko Bachama, ko Ngas, ko Bajju, domin iyayen sun koma Hausa da Turanci.

Amma kada mu yi wa abin ado fiye da kima. Akwai kakar da jikoki suke faranta mata rai, akwai kuma wadda aka jibge wa biyar ko shida, saboda iyayen sun rasu, ko aure ya mutu, ko sun tafi birni neman kuɗi ba sa aiko da kome. Ita ce mai nema, ita ce mai dafawa, ita ce mai zuwa roƙon shugaban makaranta a kan kuɗin jarrabawa. A waje ana yaba mata, a ciki tana kwana da yunwa don yara su ci. Kwamitin taimako na ikkilisiya ya san bambancin waɗannan biyu, kuma ba zai sani ba sai wani ya shiga ya ƙirga bakunan da ke cin tukunyarta.

Idan aka ɗauke kaka zuwa birni

'Ya'ya masu hali sukan zo neman shawarar fasto a kan ɗauko mahaifiyarsu ta zauna tare da su a Abuja ko Jos ko Kaduna. Nufinsu mai kyau ne, wani lokaci kuma dole ce, saboda rashin lafiya ko rashin tsaro. Amma a taimake su su ƙirga abin da za ta bari. Za ta bar awaki, da gadina, da maƙwabciyar da suke hira da ita, da majami'ar da ake waƙa da harshen da take ji. Za ta shiga gida mai katanga inda kowa yake fita da safe, a bar ta da talabijin mai Turanci, a hana ta ko wanke kwano. Ba abin mamaki ba ne bayan wata biyu ta fara cewa a mai da ita gida, 'ya'yan kuma su ji kamar ba ta gode ba. A 2 Sama'ila sura 19, sarki Dauda ya gayyaci Barzillai ya zo Urushalima ya ci daga teburinsa. Tsohon mai shekara 80 ya ƙi, ya zaɓi ya koma garinsu kusa da kabarin iyayensa, ya tura Kimham a madadinsa. Dauda bai tilasta masa ba. Inda ƙaura ta zama dole, a tafi da abin da za a iya ɗauka: rediyonta, da littafinta, da 'yan kaji idan akwai fili, ko buhunan ƙasa da za ta shuka alayyafo a ciki. A ba ta wani aiki da zai zama nata, a kuma nemo mata taron zumuntar mata na Hausa ko da yana da ɗan nisa.

Idan abu ya tsaya

Amfanin sanin abin da tsoho yake so shi ne za ka gane ranar da ya daina. Rediyo ta yi kwana goma ba a kunna ba. Wataƙila kuɗin batir ne babu, wannan kuwa alama ce cewa kuɗin abinci ma yana wuya. Wataƙila kunne ne ya yi nauyi. Idan haka ne, ihu ba ya taimako. Ka zauna inda zai ga bakinka, ka yi magana a hankali, a kuma kai shi a duba, domin wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe. Wataƙila kuma baƙin ciki ne ya danne shi, musamman bayan rasuwar abokin zama. Wanda ya daina cin abinci, ya daina barci, ya sayar da dabbobinsa ba dalili, yana cewa ba shi da sauran amfani, yana bukatar addu'a da zama tare da mutane, yana kuma bukatar ganin likita.

Mafi wuya shi ne ciwon mantuwa. Tsohuwa ta sa tukunya a wuta ta manta, ta kira jikanta da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa, ta fita da dare a same ta a wata unguwa ba ta san hanyar gida ba. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke zuwa wa waɗansu da tsufa. Amma a wurare da yawa maita ake cewa, kuma idan aka tsare ta da tambaya cikin ruɗewarta tana iya amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba. An kori tsofaffi daga gidajensu, an dūki waɗansu, saboda wannan. Shugaban ikkilisiya da ya san yadda tsohuwar take tun dā, ya kuma lura da lokacin da ta fara manta ba awakinta ruwa, shi ne zai iya tsayawa gaban iyalin ya bayyana musu abin da ke faruwa kafin maganar ta fita waje. Masu irin wannan ciwo sau da yawa sukan riƙe waƙoƙin da suka koya tun suna yara bayan sun manta sunayen mutane. Idan ka je wurinta, ka tafi da Littafin Waƙoƙi, ka tambayi 'yarta wace lamba ce ta fi so, ka fara rerawa a hankali ka ba ta lokaci ta kama.